Rabin Harshen Namadi

A shekarar da aka fara aiki da shari'a a Zamfara, wani dare muka ji wani irin kuka a Sakajiki. Wasu suka ce kura ce. Ni na fi zaton iska ce ke hura bakin tulu. Da gari ya waye, ashe Namadi ne maƙwabcina, haƙori ya hana shi barci.

Ya hau mota zuwa Kaura Namoda, aka yi masa allura a dasashi, aka cire haƙorin, ya fito da gefen baki a mace. A tasha ya ci karo da Maiwada, wanda yake zargi tun ranar da akuyarsa ta ɓata. Ya nuna shi da yatsa a gaban masu shayi, ya kira shi ɓarawon akuya. Maiwada ya kai ƙara. Lokacin ba a wasa da irin wannan kalma. In ta tabbata, bulala ashirin ce a bainar jama'a, ga shi kuma surukan Namadi a Kaura suke.

Da ya zo yi mini kuka, abin da ya fi ɗaukar hankalina daban ne. Ya ce ranar, harshensa ya mutu daidai tsakiya, kamar an ja igiya an raba gona. Ya tsikari dama da tsinke, ya ji zafi. Ya tsikari hagu, shiru.

Muka tafi wurin Na'Allah mahauci. Ya ɗauko harshen wani sa da ya yanka, ya bi kwarin nan na tsakiya da wuƙa, ya buɗe. Ga wani farin tantani a tsaye tsakanin tsoka biyu, mai kauri wajen maƙogwaro, yana sirancewa har ya ɓace kafin tsini. Na daɗe ina kallonsa. Shekara saba'in ina yawo da danga a cikin bakina ban sani ba.

"Ka gani?" in ji Na'Allah. "Gida biyu ne, kowa da ƙofarshi. Na ɗan Adam ma haka yake. Kai da gida ɗaya ka yi zagi."

"To, sai mi?"

"Sai rabin bulala mana, wawa! Goma. Da babbar riga ko ji ba ka yi."

Namadi ya naɗe harshen a takardar siminti, ya kwana biyu yana bitar abin da zai faɗa.

Ranar shari'a, alƙali ya fara kiran masu shayi biyu da Maiwada ya kawo shaida. Na farko ya ce ya dai ga an nuna yatsa, amma abin da ya fito daga bakin Namadi kamar mai tauna dankali da zafi ne. Na biyu ya ce shi ba zai rantse a kan abin da bai ji sosai ba. Maiwada ya fara share gumi. Alƙali ya rufe littafi, ya juya ga Namadi, da alamar zai sallame shi.

Namadi kuwa bai ji ko ɗaya ba. Kansa na ƙasa, leɓɓansa na motsi, yana bita. Jin an kira sunansa ya zabura, ya warware takardar siminti.

"Allah shi gafarta Malam, na faɗi! Ɓarawo na ce mai. Amma da rabi na faɗi."

Na'Allah ya taka masa ƙafa, ya makara.

Alƙali ya sa aka matso da harshen. Mutum ne mai son sani. Ya gyara tabarau, ya taɓa farin tantanin da bayan biro, ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya tambaya a hankali, "Wane gefen ya yi magana?"

"Na dama, ranka ya daɗe."

"Allurar ta taɓa shi?"

"Ko kaɗan. Lafiyarshi ƙalau."

"Madalla. Lafiyayyen harshe ya yi zagi, mai shi kuma ya amsa da gefe biyu yau."

Aka yi masa ashirin cif, aka ce ya cire babbar rigar. Surukinsa na tsaye a inuwar dalbejiya, yana kallon sama kamar mai neman hadari.

Da yamma Namadi na kwance rub da ciki a zaure, ni da Na'Allah muna yi masa fifita. Na'Allah na cewa hujjar tana nan daram, lokacin fito da ita ne aka kuskure. Sai Kulsumu, tsohuwar da ke bayan gidan, ta leƙo ta saman zana.

"Sannu Namadi. Kai Na'Allah, shawarar nan, da wane gefen harshe ka ba shi?"