Tudun Bakin Ƙofa

Ortwin Brandes yana kwance rigingine a ƙarƙashin motarsa, da tsohon buroshin haƙori a hannu, yana shafa wa kawunan notuna laka. Daga lambun matarsa ya ɗebo lakar, ya kwaɓa ta da ɗan baƙin mai a gwangwanin kifi. Ba ya son ko noti ɗaya ya yi ƙyallin da zai nuna sifana ta taɓa shi kwanan nan.

"Kofinka ya huce," in ji matarsa Gudrun daga ƙofar gareji. Takalmanta kaɗai yake gani. "Kuma masu gyara na dillalin motar da safe suka ce a kai ta, ba da rana ba."

"Su jira mana. Me suka sani? Su jona kwamfuta, ita ta gaya musu abin da za su canza. Ki miƙa wa ɗayansu sifana, sai ya tambaye ki ta ina ake kunna ta."

"To, gwani. Fito ka wanke hannu."

Motar ja ce mai kujera biyu. Bara da bazara ya saye ta sabuwa fil, bayan ya sayar da rabonsa na shagon tayil da ya daɗe yana yi wa bauta. Ba ta yi wata a gidan ba ya kwance sifirin da shokozoban da kamfani ya sa mata, ya ɗaura waɗanda ya yi oda, ya saukar da ita ƙasa har kwalin taba ba ya iya tsayuwa a ƙarƙashin bambar gaba. Haka 'yan ƙungiyarsu ke awo duk ranar Asabar a filin wani shagon kujeru da aka rufe a bayan garin Lemgo. Duk motar da kwali ya tsaya a ƙarƙashinta, tarakta suke kiranta, mai ita kuma manomi.

Sai ga shi wani ƙara ya fara daga baya, duk sa'ad da ya taka mai. Abokinsa Hauke ya shiga ƙarƙashi ya fito yana goge hannu, ya ce shaf ɗin baya ya cinye, ya kuma ja wa giyabos. Gyara ne mai tsadar da mutum ba ya faɗi da ƙarfi. Motar tana cikin garanti, amma kowa ya san kamfani ba ya ɗaukar nauyin motar da aka sake wa ƙafa. Gudrun kuwa tun ranar da aka saukar da motar ta faɗi nata, a tsaye, tana riƙe da kwandon wanki: in ta lalace kamfani ya ƙi biya, sayar da ita za a yi. Ortwin ya yi dariya a ranar, ya ce ya yarda.

Shi ya sa shi da Hauke suka kwashe Asabar da Lahadi suna mayar mata da kayan kamfani. Na Lahadin a rufe suka yi, sun naɗe guduma da tawul, don maƙwabciyarsu Frau Diekmann tana jin faɗuwar cokali ranar hutu ta ɗauki waya ta kai ƙara.

Ortwin ya fito daga ƙarƙashin motar ya tsaya yana kallonta. Ta yi tsayi, tazara ta buɗe tsakanin taya da jiki har mutum ya zura ƙulli. Ya kawar da kai.

"Yau ta yi kama da motar mutane," in ji Gudrun.

"Ta yi kama da tarakta."

"Tawa dai ba ta kuka in an taka ta."

Shi ne a gaba, ita tana biye a 'yar motarta mai ruwan toka, don ta dawo da shi gida. Duk hanya yana jin kansa kamar wanda aka ɗora a kan kujerar mashaya. A danja wani saurayi a wata baƙar mota mai rarrafe ya dubi tayoyinsa, ya dube shi, ya mai da kai gaba. Ortwin ya san irin kallon nan, don shi ma ya sha yi wa mutane.

A ƙofar shiga harabar dillalin akwai tudun rage gudu, mai fentin rawaya da baƙi. Ortwin yana cikin bitar abin da zai faɗa, hankalinsa ba ya kan hanya. Ƙafarsa ta sami birki da kanta. Hannuwansa suka karkata sitiyari hagu, motar ta nufi tudun a kaikaice, tayar gaba ɗaya ta hau ta sauka, sannan ɗayar, sannan na baya, a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Duk mai ƙasƙantacciyar mota haka yake haye tudu, don kada cikinta ya gogi kwalta. Gudrun ta jira ya gama, ta bi ta kai tsaye, bum bum.

Wajen da ma'aikata ke ajiye motocinsu ya hangi wata tsohuwar mota ruwan ɗorawa, a kwance da ƙasa, tsaf da ita. Ya ɗan rage tafiya don ya ƙare mata kallo. Ashe dai akwai mutum ɗaya a gidan nan, ya ce a ransa, wataƙila wani bakaniken da ba a sauraronsa.

Wanda ya tarbe su shi ne shugaban sashen gyara, Herr Uphoff. Gajere ne mai tumbi, da suwaita mai maɓalli da tabarau a rataye da igiya. Yana tsaye bakin taga da kofi a hannu. Ortwin ya dube shi sau ɗaya ya gama yanke masa hukunci: wannan motar iyali yake tuƙawa, mai ƙugiyar tirela a baya.

"Herr Brandes, Frau Brandes, barka da zuwa. Ku zauna. Ƙara ne a baya, ko?"

"Ƙara ne, kuma ba ƙarami ba," in ji Ortwin. "Mota ko shekara biyu ba ta yi ba. In wannan ne abin da kuke kira inganci, to an yi asara."

"Abin takaici ne. An taɓa yi mata wani aiki a wani wuri?"

"Aikin me? Mai nake zubawa in tuƙa. Ni mai sayar da tayil ne, ban san kan injin ba."

"Haka ne," in ji Gudrun tana duba jakarta. "Bai sani ba."

Uphoff ya gyaɗa kai, ya sa tabarau, ya ɗauki tocila daga aljihun tebur. "Mu je mu gaishe ta tare."

Wannan bai yi wa Ortwin daɗi ba. Hauke ya tabbatar masa cewa ranar Litinin ba mai lokacin leƙa ƙarƙashin mota. Su karɓi makulli, su ɗauki hoto, su tura wa kamfani. Amma ya bi Uphoff. Aka ɗaga motar sama, su uku suka tsaya a ƙarƙashinta, Gudrun ta riƙe jakarta a ƙirji don kada mai ya ɗiga mata.

Uphoff ya haska notunan, ya daɗe yana kallo. Ya lakato lakar da yatsa, ya murza, ya kai hanci.

"Ƙasa mai kyau," ya ce. "Tumatir kuke shukawa?"

"Wake," in ji Gudrun.

"Hanyar gidanmu akwai taɓo," in ji Ortwin.

"Lallai. Taɓo mai hankali, wanda ke zaɓar kan noti kaɗai ya zauna."

Bai tsaya jin amsa ba. Ya zura hannu can cikin rumfar tayar baya, ya haska sama. Robar wurin ta yi sumul tana sheƙi, inda taya ta daɗe tana goga. Ya matsa tsakiya, ya nuna ƙasan motar da bututun salansa, duk zane-zane dogaye kamar an ja ta a kan dutse.

"Motar da ke wannan tsayin, tayarta ba ta isa can ko an loda mata siminti. Cikinta kuma ba ya taɓa ƙasa sai in ta faɗa rami. Har ina kuka saukar da ita? Kwali yana tsayawa?"

Ortwin ya ɗaure fuska. "Ban gane abin da kake nufi ba. Kuma in ka ga dama kana iya kiran wanda ya san mota, in yi magana da shi. Mai waccan ruwan ɗorawar da ke waje, alal misali."

"Tawa ce," in ji Uphoff. Ya kashe tocila. "Tun ina da gashi take hannuna."

Gudrun ta yi wani ɗan tari.

"Herr Brandes, bari in gaya maka gaskiya. Yau motoci sun yi mini yawa. Da ka shigo kai tsaye, da na karɓi makulli na sa an tura wa kamfani, notunanka da lakarsu. Amma ina bakin taga na ga mota mai tsayin tarakta ta zo tudunmu ta karkace, tana hawa taya ɗaya-ɗaya. Mutum ɗaya ne ke haye tudun nan haka kullum da safe, ni ne."

Ortwin ya nemi tuna shigowarsa, bai tuna komai ba sai maganar da yake bita. Sai ya sauya murya, ya matso kusa, har ya ɗan yi murmushi.

"To ai shi ke nan, ɗan'uwa. Ashe namu ne. Ka san yadda abin yake. Kamfani ba zai ji komai a jikinsa ba."

Uphoff ya dube shi ta saman tabarau, daga takalmi har kai, ba gaggawa.

"Ɗan'uwa? Ɗazu ka ce ba ka san kan injin ba. Ni tawa na saukar, na kai aka duba, aka shigar a takardunta, duk abin da ta fasa kuma ni na biya. Ban taɓa ɗaga ta sama na shafa mata ƙasar wake na kawo ta wurin baƙi na ce ban san ta ba." Ya mai da tocilar aljihu. "Kuma ka saukar da ita fiye da kima, shi ya cinye shaf ɗin. Su wa ke ba ka shawara? 'Yan filin shagon kujeru?"

"Su ne," in ji Gudrun.

"Na yi zato."

Suka koma ofis. Uphoff ya yi bayani cikin ladabi, yanzu Gudrun yake kallo: garanti ba zai ɗauka ba, za su iya gyarawa in an amince da farashi, kuma bai kamata a ƙara tuƙa ta haka ba. Ortwin ya ambaci lauya. Uphoff ya ce yana da 'yancin hakan, zai ajiye masa hotunan rumfar tayar.

"In an gyara, kuna saya?" in ji Gudrun.

"Muna saya."

"Gudrun," in ji Ortwin a hankali.

"Ka ce ka yarda. Ina riƙe da kwandon wanki, kana dariya."

Ta cire makullin gida daga zoben makullin motar, ta tura na motar kan tebur. Ortwin ya bi shi da kallo har Uphoff ya rataye shi a allo tsakanin na sauran mutane.

A waje yayyafi ya fara. Gudrun ta miƙa masa makullin motarta, ta ce gwiwarta na ciwo, shi ya tuƙa. Ya shiga, ya tura kujera baya, ya ture kwalin tishu da takardar cefane. Suka wuce ta gaban motar ruwan ɗorawa, bai waiwaya ba.

Da suka doshi ƙofa ƙafarsa ta koma kan birki, hannuwansa suka fara karkata sitiyari hagu.

"Miƙe kawai, Ortwin," in ji ta. "Wannan ba ta da abin da zai taɓa ƙasa."

A madubi ya hangi Uphoff ya koma bakin tagarsa da kofi. Ortwin ya daidaita sitiyarin, ya ɗaga ƙafa daga birki. Motar ta hau tudun ta sauka, bum bum. Ya kasa kunne kamar yadda ya saba, bai ji komai ya gogi kwalta ba.

"Ka gani?" in ji Gudrun. "Tsaya a shagon burodi."