Arba'in a Gaba, Arba'in da Biyar a Baya

Ghislaine ta tura wa Fernand takardar a kan tebur, tana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga kafaɗarta. Garejin ya cika maƙil. Haka mutanen garin Rimouski suke duk shekara: su yi ta barci tun Oktoba, sai ɗaya ga Disamba ta matso kowa ya zabura, ya tuna doka za ta kama shi in bai sa tayoyin hunturu ba.

"Ga saƙon Malaminka," in ji ta. "Ya ce kar ka canza ko ɗigo, kar kuma ka tambaye ni komai, don ban san komai ba."

Fernand mai garejin ya yi dariya yana goge hannu da tsumma. "Malam ke nan! Ya jikin nasa, Madam?"

"Garau yake."

Wata huɗu ke nan tana faɗin garau ɗin nan. Mijinta Normand ya shekara talatin da biyu yana koyar da kanikanci a makarantar koyon sana'a, rabin masu garejin yankin ɗalibansa ne, har da Fernand. Da ya yi ritaya sai ya sayi motar da ya daɗe yana mafarki, motar gudu ja wur mai ja da ƙafa huɗu, ga ta kwance da ƙasa. Bazara biyu ya more ta, a ta uku ɓarin jikinsa ya shanye. Jikin ya dawo, saura ɗan ɗingishi, amma an karɓe lasinsa, kuma ranar Litinin ɗin nan likita Marchand za ta gwada shi ta yanke ko a mayar masa. Ba ya zancen komai sai Litinin. Ghislaine kaɗai ta san ya sa butar shayi a firji, ta san ya tsaya a tsakiyar falo yana tambayar ina banɗaki a gidan da ya gina da hannunsa. Duk lokacin da likita ta ja ta gefe ta tambaye ta, sai ta ce garau yake.

Mako uku ya yi a teburin kicin yana zaɓen tayoyin nan, da tabarau da kundin masu taya, yana yi mata lacca tana fere dankali. Tayar hunturu siririya ta fi, ita ke yanka ƙanƙara, faffaɗar kuwa shawagi take yi. Ƙarfen taya kar ya gaza inci goma sha tara, in ba haka ba zai goge birki. Yau da safe ya rubuta lambobin da hannunsa, ya ba ta makulli kamar wanda ake cire wa haƙori.

Dariyar Fernand ta tsaya. Ya matso da takardar kusa da ido, ya nisantar da ita, ya sake matsowa.

"Madam, wa ya rubuta wannan?"

"Ba ka san rubutun Malaminka ba?"

"Na sani." Ya rage murya. "Kin ga nan? Gaba, faɗi ɗari biyu da arba'in da biyar, tsayi arba'in. Baya, faɗi ɗaya, amma tsayi arba'in da biyar. Na bayan sun fi tsayi ke nan. A motar da ke ja da ƙafa biyu, da sauƙi. Amma wannan duka huɗun a haɗe suke, in na gaba suna juyawa da sauri na baya a hankali, abin da ke raba musu ƙarfi a tsakiya sai ya yi ta cin kansa har ya ƙone. Kafin bikin Ista motar ta zama kwalliyar gareji."

"To gyara mana."

"Ba gyaran ba ne." Ya sosa ƙeya. "Shi ya koya mana wannan. Makon farko. Ya jefe ni da alli a kan wannan maganar, ya ce ko jaki ya san ƙafafunsa huɗu tsayinsu ɗaya. Bari dai in kira shi, kar ya ce na yi masa shisshigi."

Ta buɗe baki ta hana shi, amma ya riga ya latsa. Da yake hannunsa duk baƙin mai ne, sai ya ajiye wayar a tebur ya saki muryar a fili. Mutum goma sha biyu ne a ɗakin jira, kowa da kofin kofi a hannu, babu mai abin yi sai sauraro.

"Malam, Fernand ne. Kan lambar na baya ne, na ga arba'in da biyar."

"To? Makaho ne kai? Arba'in da biyar ɗin ne."

"Amma na gaba arba'in ne, Malam."

"Kai Rosaire, ni za ka koya wa taya?"

Rosaire mahaifin Fernand ne, kuma ya shekara tara a kabari. Fernand ya sunkuyar da kai. Wayar ta yi shiru, ana jin numfashin Normand kawai, kuma Ghislaine ta san wannan shirun, shirun da yake yi ne in ya farga ya ɓata hanya. Tausayinsa ya kama ta. Ta matso za ta ce ita ta kwafa ba daidai ba, kamar yadda ta saba rufa masa.

Ya riga ta.

"Ita ce! Wannan jakar ce! Na ce mata arba'in, arba'in, sau uku. Shekara arba'in da ɗaya ina fama da ita, Fernand, matar da ko lambar takalminta sai an karanta mata. Ka ganta nan, ƙatuwar banza, in ban da cika ciki ba abin da ta iya. Ai da kare na aika da ya kawo maka takardar daidai. Tana nan? Ke! Kina ji na, dabba?"

Wani mai jar hula ya fashe da dariya, kofi ya fito masa ta hanci. Wata mata ta juya tana kallon bango. Kowa ya ga takardar a tebur, kowa ya ji Fernand ya ce ya san rubutun, amma ba wanda ya ce uffan. Ba yau Normand ya fara kiranta jaka ba, ya kira ta a gaban 'ya'yansu, ya kira ta a teburin Kirsimeti. Amma yau ta zo ne ɗauke da ƙaryarsa a baki, tana shirin faɗa masa ita kyauta.

"Ina ji, Normand," in ji ta.

Fernand ya kashe wayar, kunnuwansa sun yi ja. "Ki yi haƙuri, Madam. Arba'in zan sa duka huɗun, awa biyu an gama." Ya dunƙule takardar zai jefa a kwandon shara, don ya rufa wa Malaminsa asiri.

"Ba ni."

"Ai ba ta da amfani."

"Na ce ba ni, Fernand."

Ta warware ta a kan tebur, ta goge ta da gefen hannu har ta miƙe, ta sa a jaka. Asibitin likita Marchand ta nufa, tafiyar minti goma ce a ƙafa. Iska daga kogi tana yanka fuska, amma ba ta ji ba. Kuma kar wani ya ce tsoron kada Normand ya kaɗe ɗan wani a hanya ne ya kai ta, don ko kusa bai zo mata a rai ba. Da tsoron nan ne, da ta je tun wata huɗu da suka wuce. Haushi ne zalla, kuma daɗinsa take ji.

Likitar ta ba ta minti biyar tsakanin marasa lafiya biyu. Ghislaine ta ajiye takardar, ta yi bayanin arba'in da arba'in da biyar tsaf, ita da ba ta san lambar takalminta ba. Ta faɗi na buta, ta faɗi na banɗaki, ta faɗi Rosaire. Likitar tana rubutawa tana girgiza kai. Da ta ga alƙalamin ya tsaya, sai ta ƙara da cewa ranar Lahadi ya saci makulli ya fita da motar, ya bi hannun da ba nasa ba har bakin coci. Wannan bai faru ba. Ranar Lahadi barci ya yi a kujera, baki buɗe.

"Na gode da kika faɗa, Madam, na san da wuya," in ji likitar. "Ba zan iya sa masa hannu ba. Ba kuma zan ce daga gare ki na ji ba."

Da azahar ta shigo da motar gida. Normand yana tsaye a bakin ƙofa da rigar sanyi a kan kayan barci, da alama ya daɗe a nan. Ya ɗingisa ya zagaya motar, ya durƙusa da ƙyar a gaban kowace taya yana bin lambar da yatsa, leɓensa na motsi. A ta huɗun ya daɗe bai tashi ba.

"Ghislaine."

"Na'am."

"Ni na rubuta, ko?"

 Ya ɗago kai, idanunsa sun ciko. Tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar nan ba.

"Na duba ta sau goma, wallahi daidai na gani. Kaina ne, Ghislaine, wani abu yana cin kaina." Ya kamo hannunta da hannun nan mai rauni. "Kar likita ta ji. Don Allah. In suka hana ni motar nan, na ƙare. Ke kaɗai gare ni."

Ta taimaka masa ya miƙe, ta kakkaɓe masa ƙanƙarar gwiwa.

"Haba, Normand, wa zan gaya wa? Shiga ciki kar miyar wakenka ta huce."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗarta suna hawa matakala.

"Ki goge min shuɗiyar rigar nan saboda Litinin," in ji shi. "In mun fito, ni zan tuƙo mu gida."

"Zan goge," in ji ta.