Danƙo a Bayan Farar Riga

Ranar Litinin da safe, tun Zsombor bai cire rigar sanyinsa ba, aka ce shugaban makaranta na nemansa. Ya hau bene yana bin ayyukansa na makon jiya ɗaya bayan ɗaya, domin shi mutum ne mai fara tuhumar kansa tun kafin a tuhume shi. Shekararsa ta farko ke nan yana koyar da wasanni a wannan sakandare ta bakin kogin Tisza. Ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan mata aka damƙa masa, saboda babu malamin da ya nemi a ba shi ita.

A ofishin shugaban, Malam Bereczki, wata doguwar farar riga irin ta amare tana rataye a jikin kabad ɗin kofunan da samarin makarantar suka ciwo. Bayanta ne ke fuskantar ɗakin, kuma ƙasa da kafaɗar hagu akwai wani tabo ruwan ƙasa.

"Sunsuna ka ji," in ji shugaban.

Zsombor ya sunsuna. Danƙo ne, wanda 'yan ƙwallon hannu ke shafa wa yatsu don ƙwallo ta zauna a hannu.

"Rigar Boglárka ce, mai tsaron ragarka. Ta saka ta a gwajin rawa na ranar Juma'a, yau uwarta ta kawo mini ita tana kuka kamar an yi rasuwa. Bikin ɗaura ƙyalle na 'yan ajin ƙarshe, inda suke rawa da fararen riguna, ya matso, kuma ba zan zuba ido iyaye su cika mini ofis da riguna ba. Daga yau 'yan matanka ba za su sake buga ƙwallo a zauren wasanni ba sai an gama biki."

"Yallaɓai, ranar Juma'a muke karɓar baƙi. Wasan kusa da na ƙarshe ne na gunduma. Idan mai masauki bai ba da zaure ba, an cinye shi ke nan ba tare da an buga ba."

"Na sani, ɗana."

"To samarin fa? Su ma suna da wasa ranar Alhamis."

"Samari ba sa saka farar riga." Malam Bereczki ya yi murmushi, ya kurɓi kofinsa. "Ai bikin na 'yan mata ne. Za su fahimta."

Akwai amsoshi masu kyau a ƙwaƙwalwar Zsombor, wasu ma ya taɓa rubuta su a jarrabawa a jami'a. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To, Yallaɓai." Yana saukowa daga bene yana jin nauyin waɗannan kalmomi biyu a ƙirjinsa.

Ya tarar da 'yan matan a lokacin hutun tara, sun jingina da bututun ɗumama ɗaki suna cin burodi. Ya faɗa musu ba tare da ya ɗaga ido ba. Boglárka, wadda ta fi shi tsawo, ta daina tauna.

"Malam, ni fa gola ce. Yaushe ka taɓa ganin na shafa danƙo?"

"Ban taɓa gani ba."

"Ka faɗa masa haka?"

Dorka, ƙaramarsu mai kaifin baki, ta kakkaɓe hannuwanta. "Ku ƙyale Malam, tunani yake yi. Zuwa bazara zai gama."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗi ba. Rabin ƙungiyar 'yan ajin ƙarshe ne. Tun suna ƙanana suke tashi da sassafe suna atisaye a zauren kafin ya yi ɗumi, domin yamma ta samari ce, kuma ba su taɓa kaiwa wannan mataki ba sai bana. Babu wata baɗi da za su jira.

Da la'asar aka yi gwajin rawa a zauren. Tun da makullin zauren a hannunsa yake, dole ya zauna har a tashi. Ya samu benci a lungu yana shirya jawabin da ya kamata ya yi da safe, yana gyara shi, ko da yake ya san ba zai koma ya yi shi ba.

Samarin ƙungiyar ƙwallon hannu sun gama atisayensu ke nan, suka shiga layi da guminsu. Piroska néni, wato Inna Piroska, tsohuwar da ta koya wa rabin garin rawar keringő ta mace da namiji riƙe da juna, ta buga sandarta a daɓe.

"Levente! Yarinya ka riƙo, ba buhun dankali ba. Hannun dama a ina na ce? A allon kafaɗa, ɗan nan, ba a ƙugu ba. Ubanta zai zo bikin!"

Levente, gwanin jifa na samarin kuma abokin rawar Boglárka, ya gyara hannunsa. Kiɗa ya tashi, suka juya, suka sake juyawa. Da kiɗan ya tsaya ya janye hannun, sai rigar wasannin da ke jikin Boglárka ta biyo tafinsa kaɗan kafin ta sake shi.

Zsombor ya daina shirya jawabi. A hankali ya lanƙwasa hannunsa ta baya yana ƙoƙarin ɗora tafinsa ƙasa da kafaɗarsa ta hagu, don ya ga ko mai riga za ta iya yin tabon da kanta. Ya gwada ta sama, ya gwada ta ƙasa. Tafin ya ƙi zama.

"Malam, ƙaiƙayi ne?" Piroska néni ta tambaya daga tsakiyar zaure. "Akwai ƙofa ga ta can, je ka goga."

Ya miƙe cikin dariyar ɗalibai, ya nufi bene. A ƙofar ofishin ya tsaya har sai da ya ji kunyar tsayuwar, sannan ya ƙwanƙwasa.

"Yallaɓai, ina roƙonka ka sauko zaure, tare da rigar nan."

Watakila mamaki ne ya sa Malam Bereczki ya biyo shi. Aka kashe kiɗa. Zsombor ya roƙi Piroska néni ta ɗaga rigar ta kafaɗu, ya ce wa Levente ya riƙe ta yadda aka koya masa. Yaron ya dubi abokansa, ya ɗaga gira, ya ɗora hannun dama. Tabon ya ɓace ƙarƙashin tafinsa, yatsa a kan yatsa.

"Na rantse na wanke hannuna ranar," in ji Levente. "Da sabulu!"

"Sabulu ba ya fid da danƙo, jarumi, sai an shafa mai," in ji Dorka daga bakin ƙofa, inda sauran 'yan ƙungiya suka taru. "Ko a gida ma mama ce ke wanke maka?"

Zauren ya kaure da sowa. Malam Bereczki ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"To, an gane. Levente, ka riƙa kula." Ya karɓi rigar, ya rataya ta a hannunsa, ya juya zai fita.

Nan Zsombor ya fahimci cewa babu abin da ya sauya. An gano gaskiya, an yi dariya, amma hukuncin safe yana nan inda yake, kuma idan mutumin nan ya ƙetare ƙofar, zai ci gaba da zama. Ya ji muryarsa ta fito siririya, kamar ta wani.

"Yallaɓai, ke nan in sanar da samari an soke wasan Alhamis?"

Shugaban ya tsaya. "Wa ya ce an soke?"

"Da safe ka ce saboda danƙon da ya ɓata riga aka rufe wa masu shi zaure. Ga mai shi an samu."

"Kada ka juya mini magana, ɗana."

"Ba na juya ta, Yallaɓai. Doka ɗaya ce. Ko ta hau kan kowa, ko ta sauka daga kan kowa."

Wuyan Malam Bereczki ya yi ja. Ya dubi samarin, waɗanda dariya ta bar fuskokinsu gaba ɗaya, ya dubi 'yan matan da ke bakin ƙofa. Zsombor ya fara tunanin wace makaranta ce za ta ɗauke shi baɗi.

Piroska néni ta buga sanda, ta dubi shugaban. "Kálmán, ni na koya maka rawar nan tun kana da gashi, kuma har yau matarka na ɗingishi saboda take mata ƙafa da kake yi. Kada ka cinye mini lokaci. Faɗi mu ji."

Shugaban ya fesar da numfashi. "Kowa ya buga nasa. Amma duk ƙungiyar da ta buga, ita za ta goge daɓen nan tas, maza ko mata. Kuma kada wanda ya sake taɓa 'yar mutane bai nuna wa néni tafinsa ba."

Ihun da 'yan matan suka yi sai da ya sa mai gadi ya leƙo. Zsombor bai yi ihu ba. Ya fita baranda, ya zauna a kan bencin ajiye takalma. Ta taga ya ga an fara kunna fitilun titi. Ya lura cewa yunwa yake ji, karo na farko tun safe, kuma hakan ya yi masa daɗi ƙwarai.

Boglárka ta leƙo, kiɗa na tashi a bayanta.

"Malam, gobe akwai atisaye?"

"Akwai. Da sassafe."

"Da yamma dai," in ji ta. "Samari su gwada safiyar su ji. Je ka faɗa wa shugaban tun bakinka bai huce ba."

Ya dube ta, ya dubi benen. Sannan ya yi 'yar dariya, ya dafa bango, ya miƙe.