Alewar Auta

Wai matar Auta ce ta zuba masa wani abu a abinci. Haka Yaya Babba ta kawo mini maganar, tana faɗa tana duban ƙofa. Wai shi ya sa hannunsa ke rawa, kafaɗarsa ke zabura, bakinsa ba ya tsayawa. Har ta yanke hukunci: za ta ɗauke shi ya koma gidanta, matar kuma ta san inda dare ya yi mata.

Na ce, "Yaya, tun gashinta na baƙi take dafa masa. Sai yanzu da furfura ta tuna da guba?"

"Ke dai boko ya cinye miki kai. Komai sai an kawo miki shaida."

Ba ta yi ƙarya ba. Kimiyya na koyar a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, amma ban yi ritaya daga tambaya ba.

Auta ƙanenmu ne, mai ɗaukar hoto. Shagonsa yana tsakanin na tela da na mai gyaran rediyo. Akwai labule mai zanen jirgin sama, da furen roba, da wani tarho marar waya da kowa ke son a ɗauke shi yana kara shi a kunne, har waɗanda ba su da wanda za su kira. Idan na taso daga makaranta nakan biya, ya shigar da ni ɗakin duhu, mu tsaya ƙarƙashin jan ƙwan lantarki muna kallon fuskokin mutane suna fitowa a hankali daga cikin ruwan magani. Har yau in na ji wari mai kama da wannan sai na tsaya.

Aljihunsa ba ya rabuwa da alewa. Yaro ya ƙi zama, ya ba shi ɗaya, ya jefa ɗaya a bakinsa. Kowa ya san Auta da tsotson alewa. Don haka da bakinsa ya fara motsi, babu wanda ya duba sau biyu. Da hotuna suka fara fitowa dishi-dishi, ya ce kyamara ce ta tsufa. Da shagon ya rufe, muka ɗora wa wayar hannu laifi.

Na tattara 'yar jakata na tare a gidansa. Duk abin da aka zuba masa sai na sa hannu a kwanonsa. Matar, wadda har yau Amarya muke ce mata, ba ta da wauta.

"Yaya Malama, in gwaji kike yi, ga cokalinsa ma."

Na karɓa. Na ci na sha tare da shi har zanina ya fara matse ni, ko ɗan yatsana bai yi rawa ba.

Wata rana muna zaune a tsakar gida, leɓɓansa na motsi, harshe na tura kumatu. Na miƙa hannu.

"Auta, rowa ba kyau. Ba ni ɗaya."

"Ɗaya me?"

"Alewar."

Ya yi dariya. "Yaya, rabona da alewa tun kafin in rufe shago."

Ya buɗe baki. Babu komai. Ashe duk shekarun nan ciwo muke kallo muna ce masa kwaɗayi.

Washegari na kai shi babban asibiti. Likitar ta haska masa ido da tocila, ta sa ya yi tafiya a gabanta, aka ɗebi jini, daga baya aka ɗebi ruwan ƙashin baya. Ranar da muka koma ta tambaye shi ko ya taɓa yin wani miki a gabansa yana matashi. Na miƙe zan ba su wuri.

"Zauna, Yaya," in ji shi. "Ke kika yi mini wanka ina jariri."

Ya ce lokacin da yake yawon kasuwanni da kyamara a keke ne, tun bai yi aure ba. Mikin ba ya zafi. Ya shafa masa wani mai, ya ɓace, shi ma ya manta.

Likitar ta ce mikin ne ya ɓace, ƙwayar cutar tana nan, ta yi kwanton ɓauna a jini har ta hau ƙwaƙwalwa. Za a kwantar da shi a yi ta yi masa allura. Ciwon zai tsaya, hannun kuwa ba ta yi alkawari ba. Aka gwada Amarya ma.

Ranar da ni da Auta muka karɓo sakamakonta, a hanyar gida na ce, "Me zan gaya wa Yaya Babba? Ina iya cewa ciwon jijiya ne."

"In kin ce jijiya, za ta ce wa ya taɓa jijiyar." Ya danne hannunsa na dama da na hagu a kan cinyarsa. "Faɗa mata sunan ciwon."

Mun tarar da ita a gidan Auta, har ta sa an ƙulle kayansa. Amarya na tsaye bakin madafa. Yaya Babba ta dube ni.

"To, Malama, me bokonki ya gano?"

Na ce, "Tunjere ne, ciwon da ake ɗauka ta saduwa. Ya ɗauko shi tun yana saurayi, kafin ya san Amarya. Jininta lafiya lau yake. Babu wanda ya zuba masa komai."