Igiyar Wata Uku

…kuma ni aka sa in ɗaure hannun nan, Inna. Hannun baƙon da aka tsamo daga teku. Ga shi kwance a kan tabarma kamar kifin da aka ƙwanƙwatsa da dutse, yatsu huɗu, kowanne ya kalli inda ya ga dama. Uwar mijina, Bi Mwatima, tana tsaye a kaina da ƙwaryar kurkum da man kwakwa. In ɗaure masa da kyau, wai wadda ta fito da mutum shida daga teku ɗaurin yatsa ne zai gagare ta? Tun da aka kawo ni gidan nan “ke kurma” take kirana. Yau kuwa da sunana, Mwanakombo, har sau biyu.

Shida. Kowa shida yake faɗa…

Da hantsi ne fa. Iskar kudu ta ɗauko jahazi, jirgin katako daga tsibirin Ngazija, ta maka shi a kan duwatsu, muna ji daga gida, katako na karyewa kamar ƙashi. Sau uku maza na tura kwalekwale, sau uku ruwa na tofo su. Makame mijina ya fito goshi a fashe, jini har cikin baki, yana ɗura wa teku ashar. Amma mu matan da ke farautar pweza, dabbar tekun nan mai hannu takwas, a ramukan dutse in ruwa ya janye, mun san hanyar ƙafa. Wa ya ce in je? Ba wanda ya ce. Ni dai na ga igiya a ƙuguna, sandar ƙarfena ta farauta a soke a zane, mata sun jeru sun riƙe ɗaya bakin.

Igiyata. Ni na tufka ta.

Wata shida, kika ce. Ɓawon kwakwa ya yi wata shida a binne cikin yashin teku kafin a daka a tufka, ko kwana ɗaya kar a rage. Na sani, Inna, na sani. Tsawon gaba biyu kawai ya rage min in gama tufka, Bi Mwatima kuma na ta habaicin amarya mai hannun auduga — sai na tono na wata uku, na cusa a tsakiya. Wa zai gani? Igiyar jan guga ce, ta ɗaure akuya…

Baƙon ya yi nishi. Sannu, bawan Allah. A zuci na faɗa.

Ruwa iya ƙirji, dutse na yanka tafin ƙafa. Ga su manne da karyayyen icen jirgi, idanu kawai. Tsohuwa, mata biyu, yarinya, maza biyu. Na ɗora hannun kowa a igiya, na gartsa wa wanda ya shaƙe ni cizo, ni ce ta ƙarshe, na ɗaga hannu, mata suka fara ja. Tana ɗauka. Ina ji a ƙuguna tana ɗauka. Sai —

Nauyi, daga bayana. Hannu ɗaya ya cafki jelar igiyar. Kai ɗaya, gemu. Mutum ɗaya ne zai yi wannan nauyi? Can gaba, daidai inda na yi cushen, igiya ta taso daga ruwa tana tsiyaya, tana kuka. Zare ya tsinke. Wani ya tsinke. Ba wanda ya san kukan nan sai ni.

Yadda ake yi wa pweza in ya nannaɗe maka hannu. Ba a tsayawa tunani. Na zaro sandar ƙarfen, na sauke a kan yatsunsa. Ɗaya. Bai saki ba. Biyu — yana faɗin wani abu, ruwa na cika masa baki. Uku. Me ya hana shi kawo ɗaya hannun ya kare? Kowa ai yana karewa. A na huɗu na ji ƙashin har cikin haƙorana.

Igiya ta yi sauƙi. Sauƙin ya yi yawa, Inna.

Ba wanda ya gani, kowa gabansa yake kallo. Da azahar ruwa ya amayo shi a kan wani katako, aka ce ikon Allah, aka kawo shi gidanmu. Gidan jaruma wai. Ga Makame can ƙofar gida da tsumma a goshi, yana gaya wa maza shi tun ranar farko ya san ba banza ya auro ba…

Bi Mwatima ta ce in buɗe ɗaya hannun in wanke, tun da aka tsamo shi a dunƙule yake. Lafiyayyen hannun. Ina ɓanɓarar yatsun, sun fi ƙarfina, sai shi ya sake su da kansa.

Ƙyalle ja mai ɗigon baƙi. Bakin zanen mace. A cikinsa kitso guda, dogo, har da tushensa.

“Ba ta iya ruwa ba,” ya ce. Ba ni yake gaya wa ba. “Na ce mata ki yi haƙuri, ga igiya nan, Allah ya kawo igiya.”

Idonsa na kan awarwaron da kika ba ni. Shi ne a hannuna na dama ɗazu. Ya gane shi? Ko dai ido ne kawai ya rasa inda zai sauka?

“Ke ce mai igiyar?”

Bi Mwatima ta riga ni. Ita ce mana, da hannunta ta tufka, kaf tsibirin nan ba mai tufka irin tata.

Bakwai har da ni. Shi na takwas. Ita… Da igiyar ta tsinke duk mun tafi, har yarinyar nan da ke barci a ɗakina — haka ne, ko ba haka ba? To da na bar ɓawon ya cika wata shida fa? Inna, ke kin san igiya. Da ta ɗauki tara?

Yana miƙo min karyayyen hannun. Ban gama ɗaurin ba.