Daɓen Inna Fatsuma

A shekarun da kuɗin mai suka fara malalowa, duk Birnin Kudu kafinta ɗaya ne ya taɓa shimfiɗa katako a kan daɓen siminti, wato Malam Badaru. Ya koyi aikin ne a Kano, hannun wani ɗan kwangila mai gina gidajen ma'aikata, sannan ya dawo gida ya ci gaba da ƙofofi da tagogi, don babu mai neman irin wancan aikin a nan.

Wata Laraba, a ƙarshen damina, Alhaji Maikano dillalin shanu ya aiko mota daga Gwaram aka ɗauko shi. Alhaji ya gina sabon gida a gefen gari, dab da fadama, ya ware ɗaki mafi girma don mahaifiyarsa, Inna Fatsuma. Tsohuwar ta haura saba'in, idonta ya yi rauni, ga ciwon sanyi a gwiwa.

"Siminti yana cin ƙafarta," in ji Alhaji. "A Legas na ga ɗakin da aka yi wa ƙasa da katako, ka taka ka ji ɗumi. Shi nake so mata kafin ɗari ya shigo."

Kayan aiki kuwa an riga an sayo: yankakken katakon maɗaci, kowane yanki bai fi tafin hannu biyu ba, da gwangwanaye shida na farin gam.

Badaru ya tsuguna ya dafa daɓen. Sanyi ya ratsa masa tafi. Ya tambaya yaushe aka zuba simintin, aka ce sati uku ke nan. Ya nemi farantin tangaran ya kife a tsakiyar ɗakin, ya ce kada kowa ya taɓa sai gobe. Da safe da ya ɗaga, cikin farantin ya yi gumi, wurin da ya rufe kuma ya yi baƙi.

"Alhaji, ka ga wannan? Ruwa ne yake tasowa daga ƙasa. Farin gam da ruwa ake haɗa shi, ruwa kuma ke warware shi. Katakon ma in ya sha danshi kumbura zai yi. Abu biyu ne. Ko mu jira daɓen ya bushe sai bazara, ko kuma in narka kwalta in malale ƙasan da ita, in ɗora katakon a kai. Kwalta ba ta barin ruwa ya wuce."

"Kwalta? Ta titi? A ɗakin uwata?" Alhaji ya yi dariya. "Warinta kaɗai ya isa ya tayar mata da tari. Wannan gam daga Ingila aka kawo shi, duba rubutun jikinsa."

"Gam ɗin ba shi da laifi, ranka ya daɗe. Wurin ne ba nasa ba."

"Malam Badaru, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa. Akwai kafintoci a Sabon Gari."

Maganar ta soke shi. Shekara goma sha ɗaya yana jiran wanda zai nemi wannan aiki a ƙasarsu, yau kuma a ce wani baƙo ne zai zo ya yi? Yana cikin wannan tunani sai ga tsohuwar ta lallaɓo da sanda, tana laluben bango.

"Kai ne mai katakon?" ta ce. "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Bara ban yi sallar asuba a tsaye ba ko sau ɗaya, har sanyi ya wuce."

Badaru ya sunkuyar da kai ya ce, "Za a yi, Inna."

Kwana tara ya yi yana aikin. Ya share daɓen, ya hura gawayi a kasko ya zagaya da shi lungu-lungu, yana sane sama kawai yake busarwa. Ya shafa gam, ya jera katako ɗaya bayan ɗaya a saƙa irin ta tabarma, ya goge, ya shafa mai. Da ya gama, ɗakin ya yi ja yana sheƙi. Mutanen Gwaram suka riƙa zuwa kallo, suna tuɓe takalmi tun daga zaure. Har daga Kwandiko wasu suka zo.

Bayan wata biyu wani aikin ƙofa ya kai shi Gwaram, ya biya ya gaida Inna Fatsuma. Tana zaune a kan buzunta, ƙafa a miƙe, tana ta sa masa albarka. Garin tashi ya ƙwanƙwasa ƙasan da bayan yatsa, kusa da bakin ƙofa. Amon ya fito kamar na ƙwaryar da aka kife. Ya gwada gaba kaɗan, haka. Katakon ya fara rabuwa da simintin.

"Lafiya dai?" ta ce.

"Lafiya lau, Inna."

Alhaji yana Potiskum kasuwar shanu. Badaru ya ce a ransa in ya dawo zai same shi. A gida ya gaya wa matarsa Turai, ta ce, "Ka koma gobe mana. Abin da ka ji da kunnenka ai ba zai gyara kansa ba." Ya ce to. Amma ya rasa bakin da zai je ya ce a fasa aikin da duk gari ke yabo. Rani ya yi, ƙasa ta bushe, bai ji wani labari ba, shi ma ya bar zancen.

Ruwan shuka ya sauka da ƙarfi a shekarar, kwana uku a jere. Fadama ta cika. A rana ta huɗu, da hantsi, Inna Fatsuma ta tashi za ta fita alwala. Katakon bakin ƙofa ya kumbura ya turo juna, ya yi tozo kamar kunya a gona. Ba ta gani ba. Sandarta ta wuce, ƙafarta ba ta wuce ba. Ta faɗi a kan ƙugunta.

Mai ɗori ya zo daga Surko ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Aka kai ta asibiti, aka ce ƙashin tsufa ne, sai haƙuri. Ta yi wata biyu a kwance, bayanta ya sassaɓe, ta daina karɓar ko kunu. Ranar wata Juma'a ta cika.

Badaru ya je ta'aziyya ya zauna can ƙarshen tabarma. Babu wanda ya ambaci katako. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Bayan sadakar uku ya ɗauko guduma ya shiga ɗakin ba tare da an sa shi ba. Gudumar ma ba ta yi amfani ba, da hannu ya riƙa ɗaga katakon. Gam ɗin ya koma kamar koko, ƙasan kowane yanki ya yi funfuna, wari ya cika ɗakin.

Alhaji Maikano ya shigo ya tsaya a kansa. Ya rame, hularsa a karkace. Ya daɗe yana kallon simintin da ke naso.

"Ai ka faɗa mini," ya ce a hankali. "Ban manta ba, ka faɗa mini."

Badaru ya ci gaba da ɗaga katakon.

"To amma kai da ka sani, me ya sa ba ka ƙi ba? Ni shanu na sani."

Badaru ya buɗe baki zai ce ya ma dawo ya ji amon ƙasan tun tana da rai, sai ya fasa. Bai faɗa ba ran nan, bai kuma taɓa faɗa masa ba.

Alhaji ya sa aka kulle ɗakin, aka tara katakon a bayan gida, ya ce matan gida su yi girki da shi. Suka gwada, ya ƙi kamawa, sai hayaƙi mai yaji, suka bar shi nan gara ta cinye. Badaru ya koma ga ƙofofinsa. Daga baya, da aka zo gina gidajen ma'aikata a Birnin Kudu, an zo har shagonsa sau biyu ana neman mai shimfiɗa katako. Ya ce musu shi bai iya ba.