Haƙurin da Ɓarawo Ya Bayar

Kafinta ya tura wayar kan teburin gilashi, hannunsa duk garin katako.

"Duba mini, ɗana. Tun safe shafina na sada zumunta ya kore ni, wai ba ni ba ne."

Mai gyaran waya ya latsa nan, ya latsa can, sannan ya ɗago. "Baba, akwai saƙon da ya shigo maka jiya?"

Akwai. Saƙo ne ɗauke da tambarin kamfanin da ke da shafin, ya ce za a rufe masa shafi kafin yamma idan bai tabbatar da kansa ba. Duk hotunan gadaje da kujerun da yake tura wa masu saye suna ciki. Ya danna shuɗin rubutun, ya sa lambarsa da kalmar sirri. Da wasu lambobi suka shigo, ya kwafe su a tsanake, yana sake dubawa kamar mai awon ƙofa.

"Ai da hannunka ka miƙa musu makulli," in ji mai gyaran. "Kamfani ba ya tambayar lambobin nan. Duk wanda ya ce maka yi maza ko a rufe, ɓarawo ne. Dubi adireshin ma, ba nasu ba ne. Yanzu wani na can sanye da sunanka da hotonka, yana bin mutanenka."

"To a karɓo mana."

"Sun canza komai, sai an kwana biyu. Ka kira duk wanda ka sani."

A hanya ya yi ta kira. Wasu suka yi dariya, wata da yake yi wa kabad ta zage shi tas, don ta riga ta tura wa ɓarawon kuɗi. Kafin ya kai shago katinsa ya ƙare.

A kan bencin da bai gama gogewa ba ya tarar da mutum zaune, da ledar lemo a cinya. Yayansa ne. Rabon da su yi magana tun da aka sayar da gidan mahaifinsu, ranar da kafinta ya kira shi maci amana a gaban dangi, ya kuma maimaita masa a rubuce ta shafin nan. Furfura ta cinye wa yayan kai.

"Auta!" Yayan ya miƙe. "Na je asibitin, suka ce ba su san da kai ba. Ashe an sallamo ka? Ina hannun?"

Kafinta bai san lokacin da ya mayar da hannayensa baya ba.

Yayan ya ciro waya, ya nuna masa. A ƙarƙashin tsohon zagin nan, ga sabon saƙo da hotonsa: "Yaya, na yi kuskure. Ka yafe mini, ba ni da kowa sai kai. Injin yanka ya kama mini hannu, ina asibiti, turo mini kuɗin magani."

Wato ɓarawon ya karanta zagin, ya gane inda ciwon yake.

"Matata ta ce kada in tura," in ji yayan, yana dariya, idonsa jawur. "Na ce mata ke ba ki san Auta ba. Mai taurin kan nan ya ce a yafe masa? Ai sai in ya hango kabari. Ko abinci ban tsaya ci ba."

Kafinta ya dubi tsummokaran da ke kan tebur. Da zai naɗe hannu da ɗaya, da shi ke nan, ya samu ɗan'uwa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Wa aka cuta? Amma ɓarawon bai gama ba, kuma kafinta ya san yayansa: in ya fara bayarwa ba ya tsayawa.

Wayar yayan ta yi ƙara. Ya karanta a fili, muryarsa na raguwa: "Yaya, likita ya ce a ƙaro." Ya dubi wayar, ya dubi ƙaninsa.

Kafinta ya fito da hannayensa, yatsu goma cif.

"Kada ka tura. An sace shafin ne."

Inji na kuka a shagon maƙwabci. Yayan ya sake duban wayar.

"Kuɗin ba komai," ya ce. "Saƙon ban haƙurin fa? Shi ma ba kai ba ne?"

Kalmomin ban haƙurin na nan a fuskar wayar, karantawa kawai zai yi. Ya buɗe baki, sai ya ji in ya faɗe su yanzu ya zama mai kwaikwayon ɓarawo. Kuma shi bai taɓa yi wa yayansa ƙarya ba, da wannan yake taƙama tun farko.

"Ba ni na rubuta ba."

Yayan ya gyaɗa kai. Ya ajiye ledar a kan bencin, ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa, ya fita.

Kafinta ya tsaya a bakin ƙofa. Can wurin jiran mota ya hango shi, kai a sunkuye, yana sake karanta saƙon. Mota ta zo ta wuce, bai ɗago ba.